Ƙafa ta saki bayan allura: shan inna ne, ko jijiya aka taɓa?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum malamaina. A ce yaro ɗan shekara uku ya yi zazzaɓi kwana biyu, aka kai shi kyamis aka yi masa allura a ɗuwawu. Washegari ƙafar ta ƙi takuwa, yana jan ta. Kaka ta ce shan inna ne, uba ya ce allurar ce. Idan aka kawo irin wannan yaro ƙaramin asibiti inda babu wata na'ura, da me za a raba gardamar? Sannan a fayyace mini abin da ake nufi da "an taɓa jijiya", don wajen ɗibar jini ma jijiya ake soka amma ba a shanyewa.

Malamin Sassan Jiki:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da ta biyun, don nan ruɗanin yake. Mu da Hausa abu uku muke kira jijiya: wadda jini ke gudu a cikinta, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi kamar agara, da kuma wadda ke ɗaukar saƙo. Ta ukun ce muke magana a kanta. Ba ta da rami, ba jini a cikinta, farar igiya ce da aka kitsa da dubban zaruruwa, kowane zare yana ɗaukar saƙo kamar wayar lantarki. Yawancin zaruruwan suna da riga mai maiƙo da ta lulluɓe su, kuma rigar ce ke sa saƙo ya yi sauri: masu kauri suna kai mita 120 a daƙiƙa ɗaya, marasa riga kuwa ba su wuce mita ɗaya ko biyu ba.

Hanyar motsi kuma zango biyu ce. Zangon farko yana tashi daga saman ƙwaƙwalwa, ya gangaro, ya tsallaka zuwa ɗaya ɓarin a daidai inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, sannan ya bi cikin laka. Lakar tana kwance cikin ƙashin baya, tsawonta wajen santimita 45 a jikin babba, kuma tana ƙarewa ne a gaɓar farko ko ta biyu ta ƙashin ƙugu, ba ta kai har ƙarshen gadon baya ba. Zango na biyu yana farawa daga wasu ƙwayoyi da ke gefen gaba na laka, ya fito ta tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya ya tafi har cikin tsoka. Irin waɗannan jijiyoyi da ke fita daga laka 31 ne ta dama, 31 ta hagu. Daga ƙwaƙwalwa kai tsaye kuma akwai 12 a kowane ɓari, su ke kula da ido, fuska, ji, haɗiya da harshe.

To duk wanda aka ce ya shanye, tambayar farko ita ce a wane zango hanyar ta yanke. Shan inna yana cin waɗancan ƙwayoyin na cikin laka. Allura kuwa tana samun igiyar ne bayan ta riga ta fito.

Likitan Yara:
Malam ya share fage. Ga yadda ake rabawa da hannu da ido kawai.

A fara da lokaci. Idan allura ce, yaro yakan ƙwalla wata irin ƙara tun ana cikin tura maganin, babba kuma zai ce wani abu kamar lantarki ya tsarga masa har tafin ƙafa. Rauni yana bayyana nan take, ko cikin sa'o'i, ko kwanaki kaɗan, kuma a ƙafar da aka yi wa allurar kaɗai.

Sai a duba inda raunin ya fi. Babbar jijiyar da ke bi ta ƙarƙashin tsokar ɗuwawu ita ce mafi girma a jiki, kaurinta ya kai babban yatsa a jikin babba. Tana gangarawa ta bayan cinya, kafin ta kai bayan gwiwa ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya bi sha-raɓa zuwa tafin ƙafa, shi ke sa mutum ya yi ɗage. Ɗayan ya zagayo ta gefen gwiwa zuwa gaban ƙwauri, shi ke ɗaga sawu da yatsu sama. Zaruruwan wannan reshe na biyu su ne ta waje tun daga ɗuwawu, saboda haka su allura ta fi samu. Shi ya sa za ki ga sawun ya langaɓe, yatsu suna shara ƙasa, yaro yana ɗaga gwiwa sama sosai kamar mai hawa matakala don kada ya yi tuntuɓe. Amma cinyar gaba lafiyarta lau, yana miƙe gwiwa da ƙarfi, don wata jijiyar ce daban ke kula da ita ta gaba.

Shan inna ya fi kama tsokoki na sama, cinya da ƙugu, fiye da na sawu. Yakan zo da zazzaɓi, raunin ya cika cikin kwana uku ko huɗu, yana iya kama ƙafa ɗaya da hannu ɗaya, ko ƙafafu biyu amma ɗaya ta fi ɗaya.

Sai gwaji biyu. Ki zaunar da shi ƙafa na lilo ki ɗan buga ƙasan ƙoƙon gwiwa da 'yar gudumar roba ko gefen hannu. A matsalar allura ƙafar za ta zabura yadda ta saba, a shan innan da ya kama cinya ba za ta motsa ba. Na biyu, ki shafa auduga ko ki ɗan tsikari bayan sawu da gefen ƙwauri. Shan inna ba ya taɓa ji ko kaɗan, don ƙwayoyin motsi kaɗai yake ci. Jijiyar da allura ta samu kuwa tana ɗauke da zaren motsi da na ji a haɗe, saboda haka wurin zai yi dindiris ko ya riƙa zafi kamar an zuba barkono.

Jami'in Sa Ido:
Dakta, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja a kan yadda ƙanwarmu za ta iya fahimtar wannan. Kada ta ɗauka idan ta gamsu allura ce shi ke nan an rufe magana. Ƙa'idar ita ce duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da wata gaɓa tasa ta saki farat ɗaya, a kai rahoto ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, ko da kowa ya yi rantsuwa allura ce. Ana ɗibar bayan gida sau biyu, tsakaninsu awa 24 zuwa 48, cikin kwana 14 da fara raunin, kowanne kamar girman kan babban yatsa. A sa a akwatin sanyi da ƙanƙara, a tura ɗakin gwaji. A Najeriya Ibadan da Maiduguri ake kaiwa. Bayan kwana 60 a koma a duba ko raunin yana nan.

Dalili kuwa, ainihin ƙwayar shan inna ta daji rabon da a gan ta a Najeriya tun 2016 a Borno, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Amma akwai wadda ke rikiɗa a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafi ba, ita ma tana shanye ƙafa. Kuma cikin yara kusan 200 da suka kamu, ɗaya ne yake shanyewa. Idan aka ga ɗaya, akwai sauran da ke yawo da ita a unguwa ba wanda ya sani.

Likitan Yara:
Na karɓi gyara, haka ne. Har ma akwai abin da ke ƙara ƙarfafa maganarka: idan ƙwayar shan inna tana jikin yaro aka yi masa allurar tsoka a lokacin zazzaɓin, haɗarin shanyewar wannan ƙafar yana ƙaruwa. Ke nan kaka da uba suna iya zama duk da gaskiyarsu.

Sista Mai Rigakafi:
Ni a ganina maganin abin a daina yi wa ƙananan yara allura a ɗuwawu gaba ɗaya. Yaron da bai daɗe da fara tafiya ba tsokar ɗuwawunsa ba ta yi kauri ba, balle wanda tamowa ta rame da shi. Tsakanin fata da jijiyar ba nisa, ga shi yana ta wutsil-wutsil. Wurin da ya dace shi ne cinya: a raba tsakanin ƙugu da gwiwa gida uku, a yi a na tsakiya, ta gaba zuwa gefen waje. Ba wata babbar jijiya a nan. Jariri kada a wuce mililita ɗaya a wuri guda, idan maganin ya fi haka a raba cinya biyu. Duk alluran rigakafin jarirai na tsoka a nan ake yin su, kuma ko maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, idan ba a samu jijiyar jini ba, gaban cinya aka ce a yi.

Kuma a gaskiya rabin alluran nan ba a buƙatar su. Mutanenmu sun ɗauka idan ba a soka allura ba ba a yi magani ba, mai kyamis kuma yana tsoron a ce bai iya aiki ba. Yaron da yake iya sha, a ba shi na sha.

Malamin Sassan Jiki:
Sista, a kan yara ina tare da ke ɗari bisa ɗari. A manya kuwa ba za a iya cewa a daina ba, akwai magunguna masu yawa ko masu maiƙo da sai babbar tsoka. Abin da aka koya wa kowa shi ne a raba ɗuwawu gida huɗu a yi a na sama ta waje. Inda ake kuskure, mutum yana tsaye, ya ɗan zame wando kaɗan saboda kunya, mai allura bai ga iyakar wurin ba, sai ya auna daga inda ya gani, allura ta sauka tsakiya ko ƙasa. A kwantar da mutum, a laluba ƙashin ƙugu da hannu tukuna. Wurin da ya fi aminci ma shi ne gefen ƙugu: a ɗora tafin hannu a kan ƙashin cinya da ke turowa a gefe, manuni ya nuna tsinin ƙashin ƙugu na gaba, a buɗe ɗan tsakiya zuwa baya, a soka tsakanin yatsun biyu. Daga nan zuwa babbar jijiyar akwai tazara.

Kuma ba tsinin allurar kaɗai ke ɓarna ba. Maganin kansa, irin su kwinin da wasu magungunan kashe zafi, idan ya malala a jikin jijiya yana ƙona ta. Saboda haka idan mutum ya ce wani abu ya tsarga masa zuwa ƙafa, a zare nan take, kada a ce ya yi haƙuri saura kaɗan.

Ɗalibar Jinya:
Na gode ƙwarai. To idan ta riga ta faru, ƙafar tana dawowa? Iyaye abin da za su fara tambaya ke nan.

Mai Gashin Ƙashi:
Ya danganta da zurfin ɓarnar, kuma kada ki yi musu alkawarin lokaci a ranar farko. Idan rigar jijiyar ce kawai ta ƙuje, zaren yana nan, ƙarfi yakan dawo cikin makonni, zuwa wata uku. Idan zaren ya mutu amma bututun da yake bi bai yanke ba, zai sake tsirowa daga inda aka ji masa ciwo, wajen milimita ɗaya a rana. Ki yi lissafi: daga ɗuwawun ƙaramin yaro zuwa tsokar gaban ƙwauri a ce santimita 20 ne, wata shida zuwa bakwai ke nan. A babba tazarar ta ninka, ya haura shekara. Matsalar ita ce tsokar da ta zauna ba saƙo shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi tana lalacewa, ko jijiyar ta iso daga baya ba za ta amsa sosai ba. Shi ya sa yara suka fi manya samun sauƙi.

Aikinmu a tsakanin nan shi ne kada gaɓar ta ƙage kafin jijiyar ta iso. Sawun da ya langaɓe, agara tana gajarcewa, bayan 'yan watanni ko da hannu ba ya ɗaguwa. A koya wa uwa ta riƙe dunduniya da tafin hannunta, ta tura tafin ƙafar sama a hankali gwiwa a miƙe, ta riƙe daƙiƙa 30, ta maimaita sau da yawa, safe da rana da dare. A yi masa takalmin roba mai riƙe sawu a tsaye, ya yi tafiya da shi ya kwana da shi. A riƙa duba ƙafar kullum, don inda ba ya ji ƙaya ko garwashi za su ji masa rauni bai sani ba.

Abin da nake roƙo a hana shi ne gashi da ruwan zafi ko tsumman da aka ɗora a wuta, da sakiya, da tsaga. Fatar da ba ta ji ba ta san ta ƙone ba. Gyambo ne zai biyo baya, jijiyar kuma ko gezau.

Likitan Jijiyoyi:
Ina ƙara abu ɗaya a kan jira, don a nan ake asarar ƙafafu. Jira yana da iyaka. Gwajin gudun saƙo a jijiya da tsoka yana fara nuna gaskiya bayan mako uku zuwa huɗu. Idan wata uku zuwa shida suka wuce ba ko alamar motsi, a tura babban asibiti a duba yiwuwar aiki, ko a kwance jijiyar daga tabon da ya shaƙe ta ko a yi mata daso. Idan lokaci ya riga ya ƙure, likitocin ƙashi suna iya ɗauko jijiya irin ta agara ta wata tsoka mai rai daga bayan ƙwauri su dasa ta a bayan sawu ta riƙa ɗaga shi. Irin wannan aiki a yankinmu wurare kamar Asibitin Ƙashi na Dala ake nufa.

Amma tunda an taɓo zango biyu, ina so ɗalibarmu ta riƙe bambancin, don gobe ba yaro mai allura za a kawo mata ba. Idan zango na biyu ne ya lalace, gaɓa takan yi laƙwas, zaburar gwiwa ta ɓace, tsoka ta tsotse cikin makonni. Idan na farko ne, wato ƙwaƙwalwa ko laka, gaɓar takan sandare, gwiwa ta riƙa zabura fiye da kima, kuma idan aka karci tafin ƙafa daga dunduniya zuwa yatsu babban yatsa sama yake yi maimakon ya lanƙwashe. A jarirai wannan ba ciwo ba ne, haka suke kafin hanyar ta gama nuna. A lura kuma, kwanakin farko na shanyewar ɓarin jiki ko karayar baya gaɓar tana iya yin laƙwas tukuna, sandarewar daga baya take zuwa.

Sannan akwai wanda ake yawan ɗauka shan inna ne ko sammu: ƙafafu biyu su fara nauyi tare, mako ɗaya zuwa huɗu bayan gudawa ko mura, raunin yana hawa sama zuwa hannuwa. Ciwon Gilan-Bare ke nan, garkuwar jiki ce ke cin rigar jijiyoyi. Haɗarinsa numfashi da haɗiya, kusan ɗaya cikin huɗu yana buƙatar na'urar numfashi. A sa mutum ya ja numfashi ya ƙirga da ƙarfi a numfashi ɗaya. Idan jiya ya kai 30 yau bai wuce 15 ba, ko ya kasa ɗaga kai daga filo, ba a kwana da shi a ƙaramin asibiti. Yawancinsu suna warkewa idan aka tsallake wannan gaɓar.

Sista Mai Rigakafi:
Dakta, tunda kana nan, karkacewar baki fa? Mutane suna cewa iska ce ta mare shi, wasu kuma da sun ga baki ya karkace sun yanke cewa hawan jini ne ya buge shi.

Likitan Jijiyoyi:
Goshi ne alƙali, Sista. A ce ya ɗaga gira ya runtse ido. Jijiyar fuska, ta bakwai cikin 12 ɗin nan, tana ratsa wani ƙunƙuntaccen rami a ƙashin bayan kunne. Idan ta kumbura a ciki, ɓarin fuskar duka yana mutuwa: goshi ba ya tattarewa, ido ba ya rufuwa, ruwa na zuba ta gefen baki, amma hannu da ƙafa lafiya. Wannan mai sauƙi ne. Ana ba da maganin rage kumburi prednisolone cikin awa 72 na farko, a riƙa ɗiga wa idon ruwan hawaye na kanti, a rufe shi da filasta da dare don kada ya bushe ya yi gyambo. Wajen bakwai cikin goma suna komawa daidai ko ba magani, da magani sun fi haka. A leƙa kunnen kuma, don kunne mai ruwa yana iya jawo shi.

Idan daga ƙwaƙwalwa ne, goshi yana tattarewa, ido yana rufuwa, ƙasan fuska ne kawai ya zube. Dalili, goshi yana karɓar saƙo daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, ƙasan fuska kuwa daga ɗaya. Sai ki duba hannu: ya miƙa su biyu ido a rufe, ɗaya zai riƙa sauka. Saboda tsallakawar da Malam ya faɗa, ɓarnar hagun ƙwaƙwalwa dama take shanyewa, kuma da yake cibiyar magana a hagu take ga mafi yawan mutane, wanda damansa ya shanye shi ne ya fi rasa magana. Sau da yawa hankalinsa yana nan, kalmar ce ta ƙi fita. Kada a riƙa zancensa a gabansa kamar ba ya ji.

Jami'in Sa Ido:
To a nan ina ganin ya kamata a koya wa mutane taimakon gaggawa na gida. Idan an san mai hawan jini ne, a ba shi maganinsa da asfirin kafin a kama hanya, tunda wani ƙauyen kafin a kai gari awa uku ne.

Likitan Jijiyoyi:
A'a ranka ya daɗe, wannan kam ban yarda ba, kuma ina roƙon kada kowa ya ɗauke shi daga zauren nan. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: jijiyar jini ta toshe, ko ta fashe. Ba mai iya rabe su da ido, sai hoton ƙwaƙwalwa da ake kira CT. A binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, kusan ɗaya cikin uku fashewa ce, ka ga ba kaɗan ba ne. Ka ba wanda jini ke zuba a kansa asfirin, ka ƙara masa zubar. Shi kuma wanda tasa ta toshe, jinin da ya hau shi ke tura ɗan abin da ke isa gefen da bai gama mutuwa ba. Ka faɗar da shi farat ɗaya da ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, ɓarnar ta faɗaɗa. A asibiti ma idan toshewa ce ba a gaggawar saukar da shi a ranar farko sai ya haura 220 bisa 120, in ba za a yi allurar narkar da gudan jini ba. Ita kuma wannan allurar cikin awa huɗu da rabi ake yin ta, shi ya sa a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe.

Na uku, haɗiya. Da yawansu maƙogwaro ya shanye tare, duk abin da aka ɗura, ruwa ne, kunu ne, rubutu ne, ƙwaya ce, huhu yake tafiya, bayan kwana biyu zazzaɓi da ciwon huhu. Abin da za a yi a gida: a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi komai ta baki, a nemi mota. Abu ɗaya da ƙaramin asibiti zai yi nan take shi ne auna suga, don faɗuwar suga ga mai shan maganin ciwon suga tana kwaikwayon wannan ciwo sak, kuma da an ɗaura masa ruwan suga yake miƙewa.

Jami'in Sa Ido:
Na janye maganar asfirin. Amma maganar nisa tana nan, Dakta, kuma hoton ba kowa ke da kuɗinsa ba.

Likitan Yara:
Gaskiya ne, shi ya sa awon hawan jini tun kafin a faɗi ya fi komai araha. Kuma kada a ɗauka ciwon tsofaffi ne kaɗai. Yaro mai sikila, idan ba a yi rigakafi ba, wajen ɗaya cikin goma yana samun shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20. Akwai awon gudun jini a jijiyoyin kai da ake yi da na'ura ta gefen goshi, daga shekara biyu zuwa 16. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗari, ana sa shi a ƙarin jini akai-akai ko maganin hydroxyurea, wanda a Kano aka gwada amfaninsa a kan wannan. Duk yaron da hannu da ƙafarsa na ɓari ɗaya suka saki, a tambaya ko yana da sikila kafin a ce Inna ce.

Ɗalibar Jinya:
Saura laka, Malam. Yaya ake gane a can matsalar take?

Malamin Sassan Jiki:
Ƙafafu biyu, fitsari, da iyaka. Mutum zai ce daga nan zuwa ƙasa ba na ji, ya nuna miki layi a jikinsa. Layin yana faɗa miki gaɓar: daidai kan nono gaɓa ta huɗu ce ta ƙirji, daidai cibiya ta goma. Fitsari ya ƙi fita mara ta cika, ko ya riƙa zuba bai sani ba. Idan a wuya ne hannuwa ma sun shiga, kuma daga gaɓa ta uku zuwa ta biyar ta wuya jijiyar da ke motsa tantanin numfashi take fitowa, saboda haka karayar da ta kai can numfashi take tsayarwa.

A wajenmu manyan dalilai biyu ne. Haɗarin mota da babur da faɗowa daga bishiya, inda sau da yawa ƙashin ne ya karye lakar ba ta yanke ba, sai wajen ɗauka a naɗe mutum a cusa shi a Keke Napep a ƙarasa ta. A samu ƙyaure ko katako, mutum huɗu su juya shi gaba ɗaya kamar gungume, ɗaya yana riƙe da kai daidai da jiki. Na biyu tarin fuka na ƙashin baya: ciwon baya na watanni, rama, gumin dare, sai wani ƙusumbi mai tsini ya turo, ƙafafu su fara nauyi. Wannan yana jin magani, wata 12 ake sha, kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka, kuma da yawa suna sake takawa idan an fara da wuri. Mai ɗori ya danna wannan ƙusumbin, ƙashin da ya riga ya rube ne zai rufta kan laka.

Mai Gashin Ƙashi:
Kuma wanda ya kwanta, ko na laka ko na ɓarin jiki, abin da ya fi kashe shi bayan an sallame shi gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara. A juya shi duk awa biyu, dare da rana. A duba ƙashin gindi, gefen ƙugu da dunduniya. Jan da aka danna bai yi fari ba gyambo ne ya fara. A sa filo ƙarƙashin sha-raɓa dunduniya ta yi lilo, shimfiɗa ta zama a bushe ba tattara. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye wajen tayarwa, kafaɗar tana gocewa ta bar shi da ciwo na watanni, a rungumo shi ta ƙirji. Idan an kai matakin sandar guragu, a auna ta yadda tsakanin kanta da hammata zai ɗauki yatsu biyu zuwa uku, nauyi ya sauka a tafin hannu. Wanda ya rataya hammatarsa a kan sanda yana danne jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu, sai hannun ma ya langaɓe kamar sawun yaron da aka fara tambaya a kansa.